Gida na biyu: kusa da birni, ko can inda ido ke so?

Maman Uku

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina karanta ku ban taɓa sa baki ba, yau dai lalura ta kawo ni.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, maigidana kuma akanta ne. Muna zaune a hawa na uku na wani dogon bene a tsakiyar birni, mu da yaranmu uku. Gidan namu ne, mun gama biya, alhamdu lillahi. Sai dai babu tsakar gida, babu inda yaro zai taka ƙasa da tafin ƙafarsa. Autanmu mai shekara biyar ya shuka ƙwayar wake a gwangwani a bakin taga, kullum da safe sai ya je ya auna tsiron da yatsa. Ranar da iska ta ture gwangwanin ya faɗo tun daga sama, kukan da yaron nan ya yi ya tsaya mini a rai. Daga ranar ne maganar gida na biyu ta tashi daga hira ta zama niyya.

Shekara tara muna tara kuɗi. Yanzu wuri biyu ne a gabanmu, kuma kuɗin na ɗaya ne kawai.

Na farko yana bayan gari, kilomita saba'in daga ƙofar gidanmu. Fili ne da tsohon gini ɗaki biyu, rijiya, da bishiya guda. Gaskiya babu abin kallo a wurin: gonaki ne shimfiɗe har iyakar gani, ga ƙarar manyan motoci daga babban titi. Na biyun kuwa tafiyar awa bakwai ce, can cikin tsaunuka, a bakin wani tafki. Aiki ne ya kai Baban yara can bara, ya kwana uku, ya dawo da hotuna da kuma zuciyar da ba ta dawo tare da shi ba. Ni ma da na ga hotunan na yi shiru. Hazo yana kwance a kan ruwa da safe, ga sanyi, ga tsit.

Shi yana cewa in za a fita daga birni a fita da gaske, me amfanin barin hayaniya ka koma jin ƙarar tirela. Ni kuma ina duba jadawalin aikina: sati biyu na rana, sati ɗaya na dare, hutun kwana biyu a jere ba kullum nake samu ba. Ba faɗa muke ba, amma maganar ta ƙi ƙarewa.

To don Allah masu gida na biyu, ba na neman ra'ayi kawai, lissafi nake so. Kwana nawa kuke yi a cikinsa a shekara, tsakani da Allah? Awa nawa ne tsakaninsa da inda kuke zaune? Kuma me kuke yi da shi a sauran kwanakin?

Mai Makulli Biyu

Wa alaikumus salam, Hajiya. Tunda lissafi kika nema, ga nawa, domin ina rubutawa a bayan kalanda.

Gidana tafiyar awa shida ne, a gefen kogi. Shekarar farko mun kwana talatin da ɗaya. Ta biyu ashirin da biyu. Bara, shekara ta biyar kenan, kwana tara. Ba don mun daina son wurin ba, har gobe in na rufe ido shi nake gani.

Ga yadda abin yake. Ka tashi aiki ƙarfe biyar ranar Juma'a, ka kwaso yara, kafin ka kuɓuta daga cunkoson fita gari bakwai ta yi. Ka isa ɗaya na dare a gajiye. Asabar gaba ɗayanta ta tafi a shara da gyara. Lahadi da hantsi ka kamo hanya. Bayan ka yi haka sau uku, kai da kanka za ka ce a bari sai hutun makaranta. Hutun ya zo, sai ga ɗaya yana da jarrabawa, ga hidimar 'yan'uwa, ga mota tana wurin makaniki.

Abin da babu wanda ya faɗa mini kafin in saya shi ne gida yana da rai, kuma rashin mutane ne ke kashe shi. Bari in ba ki hoton buɗe ƙofa bayan wata huɗu. Kwaɗon ya yi tsatsa, sai ka zuba masa mai. Kana turawa wani wari ya tarbe ka, ka yi ta neman mushen ɓera ba ka gani ba. Sai daga baya wani mai gyaran famfo ya gane mini: a ƙarƙashin kowane wurin wanke hannu da makwararar banɗaki akwai lanƙwasar bututu da ruwa ke kwanciya a ciki, ruwan nan shi ne murfin da ke tare warin masai. In an daɗe ba a buɗe famfo ba sai ya ƙafe, warin ya biyo bututu ya cika ɗakuna. Zanzaro ya yi gini a bayan labule. Gara ta hau katakon ƙofar kicin, daga waje lafiya lau, ka danna da yatsa ya burma kamar takarda. A damina ta uku ƙusa ɗaya ce ta ɗaga a rufin kwano. Da muna ciki, ranar za mu ga ɗigon mu sa a buga ta. Da yake babu kowa, ruwa ya yi ta taruwa har silin ya jiƙe ya rufto a kan katifa, muka tarar da ita baƙi ƙirin da fumfuna. Batirin sola ma ya mutu, domin an bar shi ya zuƙe ƙarƙaf ya zauna haka watanni.

Na ɗauki mai kula da gida. Ba zan zage shi ba, mutum ne mai iyali, amma wata rana na je ba sanarwa na tarar da baƙinsa a ɗakina. Daga awa shida ba ka iya sa ido a kan komai, sai abin da aka faɗa maka a waya.

Za ki ce me ya hana ni sayarwa. Na sa shi a kasuwa shekara guda kenan. Wuri mai nisa masu sonsa da baki suna da yawa, masu zuwa da kuɗi kaɗan ne.

Tsohon Ɗalibin Rasha

'Yar'uwa, Allah ya sanya alheri. Ni ba ni da gida na biyu, amma na yi shekara shida ina karatu a ƙasar da kusan kowa ke maganar nasa, don haka bari in kawo abin da idona ya gani.

A Rasha suna kiransa daca. Asalin kalmar daga "bayarwa" take, domin tun zamanin sarakunansu fili ne da ake ba mutum. A zamanin Tarayyar Sobiyet ma'aikatu da masana'antu ne ke raba wa ma'aikatansu filaye a bayan gari, kuma girman da aka fi sani shi ne murabba'in mita 600, wato kamar mita 20 a 30. Ƙaramin ɗaki na katako, sauran duk shuka: dankali, kokwamba, tumatir, bishiyar tuffa. Bayan rushewar Tarayyar a 1991, lokacin da albashi ya daina isa, waɗannan 'yan filayen sun riƙe gidaje da yawa.

Abin da ya shafi tambayarki shi ne inda suke. Ba a wurare masu ban sha'awa aka yanka yawancinsu ba, wasu ma fadama ce ko ƙasar da ba ta da amfani ga manyan gonakin gwamnati. Amma suna jere a bin layin jirgin ƙasa mai lantarki da ke fita daga birni. Malamar da ta koya mana harshen ta taɓa gayyatarmu nata. Daga Mosko awa ɗaya da 'yan mintuna a jirgi, sannan tafiyar ƙafa ta cikin daji kamar minti ashirin. Jirgin safiyar Asabar cike yake da tsofaffi riƙe da bokiti da tsiron tumatir a kwali. Tun daga Mayu har Satumba matar nan ba ta fashin mako. Da rani mahaifiyarta da jikoki can suke tarewa wata uku cur, masu aiki su riƙa zuwa ƙarshen mako. Gida ɗaya, amma kowane rukuni na iyalin da irin amfanin da yake yi da shi.

Mutanen Finlan, maƙwabtan Rasha, su ma haka. Mutanen ƙasar ba su wuce miliyan biyar da rabi da 'yan kai ba, amma suna da gidajen hutu kusan rabin miliyan, galibi a bakin tafki. To su Allah ya hore musu tafkuna dubbai, don haka mutum yana iya samun bakin ruwa ba tare da ya kwana a hanya ba. Ku kuwa an raba muku biyun, kyau a can, kusanci a nan. In ni ne, wanda zan iya zuwa in shayar da shuka in dawo in kwana a gida zan ɗauka.

Baba Mai Ritaya

'Yata, na karanta abin da 'yan'uwanki suka rubuta, kuma ba su yi ƙarya ba. Amma kada a taru a kan maigidanki, yana da hujja.

Ina da shekara arba'in da shida na sayi wuri mai nisan awa biyar da birnin da nake aiki. Shekara goma sha huɗu ina zuwa sau biyu ko uku a shekara. In da ƙidayar kwana ce ma'auni, asara na tafka. Amma ba don ƙarshen mako na saya ba, don ƙarshen aiki na saya. Kowane zuwa sai na dasa bishiya, na gaisa da maƙwabta, na halarci abin da ya same su na daɗi da na baƙin ciki. Ranar da na ajiye aiki na tare, ban zo a baƙo ba. Yau a inuwar bishiyoyin nan nake rubuto miki wannan, gidan birnin kuma shi ya koma na biyu, yara ke ciki, nakan sauka in na je ganin likita.

Don haka ku fara zama ku biyu ku amsa wannan: gidan na yaran nan ne yanzu, ko naku ne in kun tsufa? Ba gida ɗaya ba ne. In na yara ne, shekarun da suka rage miki kaɗan ne. Daga sun kai sha biyar, abokai da karatu za su fi musu bakin tafki, ko kin ja su ba za su so zuwa ba.

In kuwa na tsufa ne, ke ma'aikaciyar jinya ce, kin fi ni sanin abin da zan faɗa. Ki auna nisan wurin da asibitin da ke da iskar oksijin da jini, ki auna shi da dare, kuma da damina. Shekara biyu da suka wuce uwargidana ta faɗi da asuba. Minti hamsin muka yi kafin mu ga likita, Allah ya sa da sauran kwana. Lokacin da nake saye ina da ƙarfi, wannan tambayar ko zuwa kaina ba ta yi ba.

Mai Tsara Birane

Yaya Maman Uku, sannu da ƙoƙari. Aikina tsara birane ne, kuma ina so in ƙara fuska biyu da ba a taɓo ba.

A fagenmu mukan raba gidajen nan gida biyu: na ƙarshen mako da na dogon hutu. Na farko yana cikin da'irar da mutum zai iya tuƙawa bayan tashi aiki, awa biyu zuwa uku a mafi yawa, shi ya sa za ki ga sun yi wa manyan birane zobe. Na biyu ba ruwansa da nisa, yanayi yake bi: bakin teku, tsauni, wurin sanyi. A Faransa kusan gida ɗaya cikin goma na biyu ne, sama da miliyan uku da rabi, kuma sun fi taruwa a gaɓar teku da yankunan tsaunuka. Akwai ma nau'i na uku da ake mantawa, ƙaramin ɗaki a tsakiyar birni na wanda iyalinsa ke waje, yana kwana a ciki ranakun aiki. Ke kina neman na farko, maigidanki yana neman na biyu, shi ya sa maganar ta ƙi ƙarewa.

Fuska ta farko ita ce mutanen wurin. Mu 'yan birni mukan ga tafki da hazo, mu manta akwai masu zama a can shekara cur. In masu kuɗin birni suka yi yawa, farashin fili ya tashi, ɗan wurin da zai yi aure ya kasa samun inda zai gina, ga gidaje a kulle wata goma. Makaranta ta rasa yara, mai shago ya rasa ciniki in ba lokacin hutu ba. A Suwizalan har suna suka ba abin, "gadaje masu sanyi". A watan Maris na 2012 suka yi ƙuri'ar raba gardama, da ƙyar ta wuce da kashi 50.6 cikin 100, aka hana gina sababbin gidajen hutu a duk gundumar da suka riga suka haura kashi 20 cikin 100 na gidajenta. A garin St Ives da ke gaɓar teku a kudu maso yammacin Ingila, a 2016 mazauna suka zaɓi cewa duk sabon gida sai na wanda zai zauna a ciki dindindin. A yankin Wales, tun Afrilun 2023 ƙananan hukumomi na da ikon ƙara wa gida na biyu haraji har kashi 300 cikin 100. Birnin Vancouver na Kanada ma ya sa harajin gidan da aka bari ba kowa tun 2017.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Norwe. A Maris na 2020, da annobar korona ta shigo, mutanen birni suka kwashi iyali suka nufi gidajensu na tsauni. Gwamnati ta fito ta hana kwana a gidan hutun da ke wajen gundumar mutum, domin ƙananan asibitocin karkara an gina su ne daidai da yawan mazauna, ba za su iya ɗaukar baƙi ba. Ranar da mutane suka fi buƙatar gidajen, ranar aka ce su koma. Wannan ya haɗu da maganar Baba.

Ban kawo waɗannan don in ce dokokin nan za su same ku ba, kowace ƙasa da nata. Na kawo su ne don ki san wurin da ya yi kyau har ya ja hankalin maigidanki zai ja na wasu, kuma yadda kuka shiga wurin shi zai yanke yadda za a karɓe ku.

Fuska ta biyu gargaɗi ne a kan na kusan, kada ki ɗauka ba shi da aibi. Birni yana tafiya, kuma babban titi yake bi. Gonakin da kike gani shimfiɗe, nan da shekara goma sha biyar suna iya zama unguwa, ko wurin ajiye manyan motoci, ko masana'anta. Ta fuskar kuɗi wannan riba ce, filin zai yi daraja. Ta fuskar abin da kike nema kuwa, kin gudu daga birni ya biyo ki. Kafin ku biya ko sisi, ku je ofishin tsara ƙasa na yankin ku nemi ganin taswirar abin da aka tanada wa wurin: noma, gidaje, ko hanya. Ku tambayi faɗin da aka ware wa titin nan in za a faɗaɗa shi, ku sa safiyo ya auna ya tabbatar filin bai shiga ciki ba. Ku duba takardar mallaka a ofishin da ya bayar da ita, ba a hannun mai sayarwa kawai ba. Rijiyar kuma ku leƙa ta a ƙarshen rani, ba yanzu ba.

Maman Uku

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa Baban yara duka a daren jiya, ban tsallake na Baba ba duk da ya fi goyon bayansa.

Baba, tambayarka ce ta sa muka yi shiru. Da na ce masa gidan na wa ne, sai ya daɗe bai amsa ba, sannan ya ce shi kansa yake gani a bakin ruwan nan da furfura. Ni kuwa yaron nan nake gani da gwangwaninsa. Ashe shekara guda muna gardama a kan abu biyu daban muna zaton ɗaya ne. Babbar 'yarmu shekararta goma sha biyu, in lissafinka ya yi daidai saura mini uku da ita.

Ranar Juma'ar da ta wuce mun gwada abin da Mai Makulli Biyu ya kwatanta. Muka tashi daga gida ƙarfe biyar da rabi da yaran duka, muka nufi na kusan. Awa ɗaya da minti arba'in, rabinta a cunkoson fita gari. Mun isa da sauran haske. Ƙarar motocin tana nan, ba zan ɓoye ba, amma in ka zagaya bayan ginin tana raguwa sosai. Wata dattijuwa da ke maƙwabtaka ta leƙo ta katanga muka gaisa, ta ce rijiyar takan ja baya kafin saukar ruwa amma ba ta taɓa ganin ta ƙafe ba. Zan dai koma in gani da idona kamar yadda ƙanwata Mai Tsara Birane ta ce, kuma ranar Talata da nake hutu zan je ofishin taswirar.

Baban yara bai sauko ba tukuna, ni ma ban matsa ba. Abin da muka tsayar shi ne a dogon hutun makaranta za mu kama hayar ɗaki a can bakin tafkin na sati biyu, da damina, mu ga hanyar a lokacin da ta fi lalacewa, ni kuma in je in ga asibitinsu. Mai filin kusan ya yarda ya jira mu zuwa lokacin.

Malam Mai Makulli Biyu, tambaya ɗaya. A ɗaki na biyu na ga wani siririn layin ƙasa ya hau bango daga daɓe har ya kai katakon rufi. Na kankare shi da makulli, ciki babu komai sai ɓurɓushi. Wannan tsohuwar hanyar gara ce da suka bari, ko alama ce suna can sama? Wa ya kamata in kira ya duba kafin mu yi maganar ciniki, kafinta ko masu feshi?